Wayar da Ba ta Jan Tirela

A rumfar mai walda, wani dattijo ya kwance buhu ya ajiye ƙugiyar da ke haɗa tarakta da tirela, ta rabu biyu. Ina kan benci ina jiran nawa aikin.

"Malam, a haɗa min wannan."

Mai walda ya juya ƙarfen, ya bi bakin karayar da yatsa. "Baba, ai a kan tsohuwar walda ta ɓalle. Wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Kai dai ka haɗa."

"Zan haɗa, amma sai na faɗa. Da wayar waldar ƙyauren ɗaki aka yi ta. Ƙarfen da ke jan kaya wayarsa daban ce, mai ƙarfi. Wannan kuwa ganganci ne da rai. Ka mayar masa ya ga aikinsa."

"Ba inda zan mayar masa. Ɗana ne. Yana kan tirelar lokacin da ta kwance a gangara. Yau kwana tara."

Mai walda ya cire tabaransa. "Inna lillahi. Allah ya jiƙansa. Ka yafe min, Baba." Ya sake duban ƙarfen, ya daɗe yana dubawa. "Wallahi hannunsa mai kyau ne, dubi yadda layin ya miƙe. Waya ce kawai ta ci amanarsa."

Dattijon ya naɗe buhun a hankali.

"Ya gaya min irin wadda zan sayo," in ji shi. "Ni na ce masa duk waya waya ce."