Takin Mai Takaba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ya aiki, ya iyali? Ni ce Hajara daga Gammo, ƙaramar hukumar Kabo.

Malam, da bazarar nan maigidana ya rasu, ya bar ni da yara huɗu da gona, ga tsadar rayuwa. Ina cikin takaba wata ƙungiyar agaji ta zo rabon takin zamani. A ƙofar gidan dagaci suka zauna, magidanta kawai suka rubuta. Na aika a sa sunana, aka ce rajistar ta maza ce. Wallahi raina ya ɓaci. Gonar marayu ba ta cin taki ne?

Sai limaminmu ya ce musu Shari'a ba ta hana mace haƙƙinta ba, su nemo mace ta shiga gidaje. Bayan kwana uku wata malama ta yi sallama har tsakar gidana. Ta ce, "Yaya, wa ke riƙe da gonar?" Na ce ni ce. Ta rubuta sunana.

Alhamdu lillahi, dawarmu ta yi kyau. A gaishe min da Inna Talatu ta Madadi. Ku kuma masu rabo, ku riƙa wuce zaure, akwai mutane a ciki.