Irin Shuka da Ƙugun Kare

A mashigar jirgin fito ta Rufa'a, Sambo ya tsuguna tsakanin buhu da kare kwance cikin kwando. Wata tsohuwa ta taɓa buhun.

"Ɗana, wannan ba irin shuka ba ne?"

"Shi ne, Inna. Sayarwa zan yi. Likita ya ce sai an yi wa karen aikin ƙugu."

"Don kare? Baɗi ƙasa za ku ci?"

"Baba ya ruɗe, fita yake bai san hanya ba. Sau biyu karen nan na tare shi bakin tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, ruwa cike. Yanzu wa zai tare shi?"

Ta fara kunce bakin zaninta, inda ta ƙulle kuɗinta.

"Mayar da irinka gida. Nawa maigidan, Allah jiƙansa, haka ya ruɗe shi ma, amma ba shi da kare."