Yadda Na Sa Hannu a Kwanon Iya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwana. Ku amsa a hankali, kun san bangon falon nan na unguwar Ulaisha ba shi da kauri.

Sunana Rifkatu. Nas ce ni, shekarata huɗu a wani gidan kula da tsofaffi a nan Riyad, ɓangaren mata. Kun saba ganina da dariya, amma yau zan faɗa muku abin da ke ƙarƙashinta.

A rikicin da aka yi a garinmu aka kashe ƙanena Ishaya. Ya je sayen taki ne, bai dawo ba. Da Hausa aka yi ihun da ya jawo mutane kansa. Tun ranar na rantse Hausata ta gida ce da coci, ba zan ƙara yi wa Musulmi ita ba. Ko a kasuwar Batha na ji 'yan ƙasarmu suna ciniki, sai in murtuke fuska in wuce da Turancina kamar jikar Sarauniya. Ƙiyayya ce fa, amma na sa mata suna taka-tsantsan.

Aikinmu yana da tsari. Da safe mu yi wa tsofaffi wanka, mu zaunar da su a da'ira suna jefa wa juna balan-balan. Bayan la'asar a zuba gahawa da dabino, ran Alhamis a yi lalle da turaren wuta. Abinci kuwa, kowa da tirensa, da murfinsa, da cokalinsa.

Sai aka kawo wata tsohuwa. Tana yarinya iyayenta suka zo da ita aikin hajji daga ƙasar Hausa, suka zauna. Nan ta yi aure, nan ta haihu. Da ciwon mantuwa ya kama ta, Larabcin ya zube kaf, sai Hausar yarinta ta rage. Ɗanta ma ba ya jin abin da take cewa.

Ta ƙi cin abinci. A ajiye tire, ta buɗe, ta waiwaya hagu da dama, ta yi magana, ta jira, sannan ta mayar da murfi. Abokan aikina su yi ta lallashi, "Kuli, ya ummi," wato ci, Mama. Ta kawar da kai.

Ni kuwa ina jin ta sarai. Cewa take, "Ku zo mu ci mana. Ina kuka shiga ne? Zai huce fa."

Kwana goma sha ɗaya ina ji, ina gyara zanen gado kamar kurma! Ina ganin awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Allah ya gafarta mini, har a raina nake cewa ba ni na kawo ta ba.

Ranar na sha biyu likita ta ce gobe za a zura mata robar ba da abinci ta hanci. Na san tsohuwar nan za ta fizge ta, na kuma san abin da zai biyo baya: a ɗaure mata hannaye a gado.

Da azahar na shiga ɗakin da muke ajiye tawul, na rufe ƙofa, na durƙusa. Na fara addu'ar da Ubangiji ya koya mana. Da na zo wajen gafara sai bakina ya ƙi. Na sake daga farko, ya sake ƙi. Sai na ji a zuciyata, a hankali, ba da faɗa ba: "Rifkatu, da wane harshe kike roƙona yanzu? Wanda kika hana baiwata?"

Wayyo! Na yi kuka har na jiƙa tawul ɗin mutane. Na ce, "Ya Yesu, ba zan iya ba. Kayan nan sun fi ƙarfina, ka sauke mini."

Da na fito na tafi wajen mudira, shugabarmu, na ce ina jin yaren tsohuwar. Ta cire tabarau ta dube ni. "Tun yaushe?" Na ce tun haihuwa. Kunyar da na ji, ba na yi wa kowa fatanta. Na roƙa a bar ni in ci tare da ita, ko da yake doka ta hana mu taɓa abincin mazauna. Ta ce, "Yau kaɗai."

Na samo babban kwano, na juye shinkafar, na cire safar hannu. Na durƙusa na ce, "Iya, barka da yini. Ga ni na zo."

Ta ƙura mini ido. "To ina kika tsaya? Wanke hannunki."

Na sa hannu, ta sa. Loma ɗaya, biyu, uku. Halleluya! Tana ci tana yi mini faɗa wai ina zubar da shinkafa kamar kaza.

Can ta ce, "'Yar nan, me ya sa ki kuka?"

Ban san sanda na ce, "Ƙanena aka kashe, Iya," ba.

Ta daina tauna. "Allah sarki. Allah ya ji ƙansa, ya ba ki haƙuri." Sai ta laluba cikin kwanon da yatsunta, ta samo tsokar nama guda ɗaya da ke ciki, ta turo gabana. "Ci, kin rame."

'Yan'uwa, a nan Ubangiji ya kwance ni. Na ji ƙirjina ya saki, na yi numfashin da na daɗe ban yi ba.

Ba a sa robar ba. "Yau kaɗai" ɗin mudira ya shiga wata na biyar. Yanzu tsofaffi huɗu ke zagaye faranti ɗaya da rana, ni ce ta biyar, shi ya sa kuka ga rigar aikina ta matse.

Iya ba ta san sunana ba, ba ta san addinina ba, gobe ma ba za ta tuna ni ba. Kullum sai ta tambayi me ke damuna, kullum sai ta turo mini naman.

Na gode wa Yesu da bai bar ni na kashe tsohuwar nan da shiruna ba. In akwai wanda kake ji sarai amma ka yi kamar ba ka ji, kada ka kai kwana goma sha ɗaya irina. Kai wa Ubangiji, zai iya. Ku taya ni cewa amin, amma a hankali.