Likitan da Aka Koya wa Sauraro

A tashar Ikara, motar Zariya na jiran mutum biyu ta cika. Sabuwa, wata dattijuwa daga Furana, ta ga farar riga a cinyar na kusa da ita, sai ta gyara zama.

"Sannu ɗan nan. Likita ne?"

"Likita ne, Inna. Sati uku muka yi a kwas kan shaye-shaye, yanzu ni zan koyar da ƙananan likitoci."

"Alhamdulillahi. Akwai wani yaro a gidanmu, maganin tari yake sha kwalba-kwalba, har..."

"Abin da aka fara koya mana shi ne sauraro. Kada ka katse mutum."

"To. Shi yaron, tun girbin masara bai..."

"Na biyu, ban da zargi. Ko da yake, tsakani da Allah, laifin iyaye mata ne, suna gani suna ɓoyewa. Ɗan waye?"

Sabuwa ta sunkuyar da kai. "Na mutanen gidan ne."

"Sunansa?"

"Ba na faɗa."

"Kin gani? Ɓoyewar ke nan! Ki gaya wa uwarsa ta ajiye kunya, ta zo da kanta ta yi bayani."

"Ɗan nan, a kwas ɗin ba a gaya muku wanda mace ba ta kiran sunansa ba? Ɗan fari ne. Uwar ta sayar da akuyarta, ta fito tun safe neman likita."

"To ina take?"

"Ta samu likitan. Jira take ya gama sauraron."