Igamar Modu

Keken ɗinkina na sayar, da ɗan filin da Baba ya bar min a Gabukka, na damƙa wa ejan kuɗin don ya fitar da ni neman aiki. Kai Haruna, ajiye wayar nan, tunda kai ne kullum cikin zancen fasfo. Lokacin kana goye.

Ranar da na sauka Jidda, tun a mota kafili ya miƙo hannu. Kafili shi ne Balaraben da ya tsaya maka, ba ka motsi sai da yardarsa. Ya ce, "Jawaz." Na zaci jawabi yake so, na shiga zuba godiya da Hausa. Ashe fasfo yake nufi. Ya jefa shi aljihu, ban ƙara ganinsa ba.

Ya sa ni shagon ɗinki, ya ce igama na nan tafe, wato katin izinin zama da aiki. Kullum na tambaya sai ya ce "bukura". Gobe ke nan. Har muka laƙaba masa Alhaji Bukura. Bayan wata bakwai na tare shi a ƙofar shago.

"Igamata fa?"

"Bukura."

"To ba ni fasfona."

Ya dube ni ya yi murmushi. Murmushin nan bai min daɗi ba. Sati bai zagayo ba wani abokin aiki ya raɗa min cewa kafili ya kai sunana hukuma, wai na gudu. Ni da nake zaune kan kekensa! Daga ranar, ko jiniyar motar asibiti na ji sai in nemi wurin ɓuya.

Wanda ya ɓoye ni shi ne Modu, wani Babarbare mai gyaran fanfo, iyayensa na nan Kagarawal tun da rikici ya koro su. Shekararsa goma sha ɗaya a can yana jiran takardar zama ta dindindin. Mutum ne mai ban dariya, amma in aka kira shi Modu a titi ba ya waiwayawa. Wata rana ya nuna min katinsa. Hoton nasa ne, sunan kuwa Abdullahi, mutumin wata ƙasa daban.

Na ce, "Mai sunan fa?"

Ya ce, "Ba a tambaya."

Ya kai ni wurin dillalin da ya sayar masa da katin, wani siririn mutum mai sanyin murya. Ya ce in yi haƙuri, kati bai faɗo ba tukuna. Haka ya ce, faɗo, kamar mangwaro.

Sai Modu ya zamo daga bene wurin aiki. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Na je karɓar gawa, suka ce ba su da wani Modu. Abdullahi suke da shi, kuma sai danginsa sun zo. Ina zan samo dangin mutumin da ban sani ba? Kwana arba'in yana cikin firji, sannan hukuma ta binne shi. Ba wanda ya sanar da mu, sai daga baya muka ji labari.

Kwana uku da jin labarin, dillalin ya same ni. Ya ce cikin taushi, "Kati ya faɗo. Hoto kawai za a sauya." Ya buɗe tafin hannunsa. Na karanta sunan. Abdullahi.

Da ƙafata na kai kaina wurin 'yan sanda. Wata biyu a tsare, aka sako ni jirgi da silifas da leda ɗaya.

Ban fara zuwa gidanmu ba, wurin mahaifiyar Modu na nufa. Na tarar tana tsintar wake. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi kuka ba. Can ta ɗago.

"Ɗana, da wane suna aka yi masa sallah?"

Na ce, "Da nasa, Iya."

Har yau in na bi ta layinsu takan kira ni ta sa min albarka. Ni kuwa ban taɓa iya haɗa ido da ita ba.