Lafiya Lau, Ba Mai Kora Ta

Da sunan Allah Mai rayawa, Mai kashewa, wanda gare Shi kowace tafiya take ƙarewa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Malam Liman, Allah ya gafarta malam. Mai unguwa, ranka ya daɗe. Shugabannin Kasuwar Kilomita Biyar, malamanmu da dattawanmu, da maƙwabtanmu na unguwar Yakite da kuka tako har nan, mun gode ƙwarai, ko da Sango in ce singila mingi. Hajiya Iyatu, mahaifiyar mamaci kuma uwarmu duka. Alhaji Nasidi, yayansa. Rahmatu, mai ɗakin mamaci, da kike jina daga cikin gida tare da 'ya'yanku uku. Matasan fitar Lahadi da kuka tsaya can baya. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

An zaɓe ni in yi magana yau da Uwaisu ya cika kwana arba'in, saboda shekara tara muka yi muna fitar da matasan unguwar nan motsa jiki, ni malamin makaranta, shi mai sayar da ƙusa da kwanon rufi. Na zauna in rubuta yabo, sai abin ya koma roƙo. Ku yi haƙuri da ni har in kai inda za ni.

Hausa ta ba mu kalma ɗaya a kan abu biyu. Wanda mutuwa ta biyo, gudu yake yi. Wanda ya ɗaure takalmi da sassafe don ya ji ƙarfin da Allah ya ba jikinsa, shi ma gudu yake yi. Sango ma, harshen ƙasar nan, ba ta raba mana wannan gardama ba. A wani gari wannan zancen malaman harshe ne. Mu a nan, zancen rai ne. A shekarun rikicin nan da aka tsare mu cikin unguwa, ba shiga ba fita, mun koyi darasi ɗaya har ya shiga ƙashinmu: in ka ga mutum a guje, kada ka tambaya, ja ƙofa.

Cikin waɗannan shekaru ne Uwaisu ya fito wata safiya da wando iya ƙwauri, ya kama gudu a tsakiyar titi. Kasuwa ta rufe daga layin masu yadi har zuwa layin masu waya. Kyauta mai shayi, ga shi can zaune, ya kifar da tukunyarsa ya shige ƙarƙashin tebur. Da Uwaisu ya zagayo, Alhaji Nasidi ya tare shi a ƙofar shago.

"Kai, wa ya koro ka?"

"Ba kowa, Yaya."

"To ina za ka?"

"Ba ko'ina. Zagayawa nake in dawo."

"Mutum da gemunsa, ba mai korarsa, kuma inda ya taso nan zai koma? A kira mini mai ruƙiyya!"

Wani da ya bari daga ranar. Shi sai ya sake dabara. Washegari ya fito yana gudu yana ɗaga hannu, kafin kowa ya ce masa "Lafiya?" ya riga ya amsa da ƙarfi: "Lafiya lau! Lafiya lau, ba mai kora ta!" Kowane shago sai ya faɗa. Cikin wata uku, mata na jin ƙafarsa ba sa ko ajiye muciya. Daga nan sunan ya bi shi, Uwaisu Lafiya-Lau.

Abin da ya tayar da shi kuwa wata gasa ce da ya gani a talabijin a Duwala, lokacin da ya je sarin kaya. Tsere ne mai hawa uku a yini guda. Ka yi iyo a ruwa kusan kilomita huɗu. Ka fito jiƙe ka hau keke kilomita ɗari da tamanin, kamar ka je garin Boali ka dawo. Ka sauka, ƙafa na rawa, ka yi gudun kilomita arba'in da biyu. In ka wuce awa goma sha bakwai, ba ka cikin lissafi. Mutumin da ba ya iya wuce gadar Yakite lafiya, shi ne ya ce wannan zai yi.

Ya kasance mai neman hanya inda babu hanya. Ba kogi, sai ya kwanta rub da ciki a kan bencin shago yana jifa da hannuwa, masu sayen ƙusa na jira ya "fito daga ruwa". Ba titi, sai ya ɗage ƙafar keken ta baya a kan ƙarfe, ya yi awa huɗu yana tuƙi a zaure, gumi na ɗiga kamar rufi mai yoyo. Da hanya ta buɗe, ya sauka kogin Ubangi, wani masunci na binsa a kwalekwale yana yi masa dariya da Sango.

Ya kasance wanda ba ya ɓoye faɗuwarsa. Karonsa na farko a Afirka ta Kudu, bai taɓa ganin teku ba sai ana gobe gasa. Ya ce mini, da sunan da ake kiran malamin makaranta a nan, "Metir, ashe ruwan can tudu gare shi. Ka hau, ka gangara, ka sha gishiri." Lokacin iyo ya ƙare yana tsakiyar ruwa, aka tsamo shi a jirgi kamar buhu. Ko sirdin keken bai taɓa ba. Ya dawo, Kyauta ya ce, "Sannu da kai keke yawon buɗe ido." Shi ya fi kowa dariya. Karo na biyu ya gama iyo, ya gama keke, a kilomita na talatin na gudu cinyoyinsa suka ɗaure, ya zauna a gefen titi har motar kwashe waɗanda suka gaza ta zo. Karo na uku, yana da shekara arba'in da huɗu, da dabino ɗaure a jikin keke, ya haɗa azahar da la'asar a wurin ajiye kekuna mutane na tsallake shi, ya gama cikin awa goma sha biyar da minti hamsin. Yana cikin na ƙarshe-ƙarshe. Lambar da aka rataya masa, a ƙusa ya rataye ta cikin makullan sayarwa, har wata rana wani ya tambayi nawa ce.

Na tambaye shi abin da ya fi tsaya masa a rai. Na zaci zai ce ƙarshen tseren. Sai ya ce, "Metir, mutum dubu biyu suna gudu a titi, kuma ba wanda ya rufe shago. Mata da goyo suna miƙo mana ruwa. A nan na yi kuka, ba a ƙarshe ba."

Ya kasance mai son mu ga abin da ya gani. Da mutum huɗu muka fara fitar Lahadi, muka kai talatin da wani abu: teloli, 'yan acaɓa, 'yan makaranta, 'yan mata da hijabinsu. Ya koya wa sama da mutum hamsin iyo, a garin da kogi ke cin 'ya'yanmu. Shi ne ya fara tsallakar da mu gada a guje, matasan wancan ɓangare suka shigo sahu, aka dawo tare aka sha shayi.

Yanzu ga ranar. Da yawa a nan sun ji ta a gutsure, gara a ji ta ɗungurungum.

'Yan fitar Lahadi suna dab da gadar Yakite, Uwaisu yana gaba kamar kullum, sai ya tsaya ya dafa turken fitila, ya zauna, ya kwanta. Ba wanda ke ɗauke da waya, don ba ma gudu da ita. Matasa talatin suka watse ta kowane lungu neman abin hawa, suna ihu, "Ku taimaka! Ku taimaka!" Unguwa ta ji ƙafafu ta ko'ina, ta ji ihu, ba ta ji "lafiya lau" ba. Sai tsohon darasin ya tashi. Ƙofofi suka rufe. Masu babura suka juya suka bar layin. A kan amalanken ɗaukar kaya aka tura Uwaisu, kuma kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Ba na nuna kowa da yatsa, don yatsan a kaina zai fara tsayawa. Ran nan ciwon gwiwa ya hana ni fita. Ina gida, babur ɗina na zaure cike da mai. Luƙman tela ya zo yana dukan ƙofata, "Metir! Metir, buɗe!" Na gane muryarsa sarai. Amma zuciyata ta ce biyo shi aka yi, in ka buɗe har kan 'ya'yanka za a shigo. Na tsaya riƙe da sakata. Sai da numfashinsa ya dawo ya iya cewa "Uwaisu ne ya faɗi" sannan na zare ta. Shekara tara ina gudu kusa da mutumin nan, kuma hannuna bai koyi komai ba.

Likita ya ce akwai tsohuwar matsala a zuciyarsa da ba wanda ya sani. Na tambaye shi, da an kawo shi da wuri fa? Ya ce ba zai iya cewa ba. Ajali na Allah ne, ba ya gaba ba ya baya, wannan mun yi imani da shi. Amma ƙofar da muka rufe tamu ce, kuma mu za a tambaya.

Ranka ya daɗe mai unguwa, na san dattawa sun zauna. Na san an yanke cewa ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sallame, za a sanar da hana gudu cikin ayari a titunan unguwar nan. Na san da kyakkyawar niyya aka yanke, don kada a sake firgita jama'a. Ina roƙon ku da girman Allah, kada a yi wannan sanarwa.

Ku duba abin da zai biyo baya. In aka hana, wa zai rage yana gudu a titinmu? Sai wanda masifa ta koro. Daga nan duk mai jin ƙafa ya ja sakata yana da gaskiya. To ranar da miji zai fito a guje neman ungozoma fa? Ranar da wuta za ta kama a layin masu yadi wani ya rugo neman ruwa? Ranar da ɗanka, ko kai kanka, za ka faɗi a hanya? Kunnenmu ne ke ciwo, jama'a, kuma ba shi da magani sai ya yi ta jin ƙafar masu lafiya har ya saba. Uwaisu shi kaɗai ya yi mana wannan jinya da muryarsa, muka bar masa, muka zaci mun warke. Murya ɗaya ta yi shiru minti goma, muka koma inda muka fito.

Mu ma mun yi kuskure, kuma mun gyara. Daga yanzu ba mai fita sai likita ya saurari ƙirjinsa. Babur zai bi mu a baya, da waya. In wani ya faɗi, mutum biyu kaɗai za su ruga, kuma sunan wanda ya faɗi za su fara kira.

Yaya Alhaji Nasidi, ka kulle kekunansa a sito, ka ce kada ka sake ganin kowa da wandon gudu a ƙofar gidanku. Wa zai ga laifinka? Kai ka goya shi, kai ka saka shi a kabari. Amma kai ne kuma, duk Lahadi, kake aiko mana da jarkar ruwan sanyi ka ce kada a gaya masa daga ina take. Ya sani, Yaya. Tun farko ya sani. In ka ce a bari, dattawa za su bari. In ka ce a ci gaba, ba mai musa maka. Maganar a bakinka take.

Hajiya, kin ce mini ranar ta'aziyya, "Na sha gaya masa jiki ba ƙarfe ba ne." Gaskiyarki, Inna. Ba ni da abin da zan mayar miki da shi. Abin da nake roƙo, kada ki yi fushi da yaran nan. Kwana arba'in ke nan Luƙman bai iya haɗa ido da ke ba.

Rahmatu, Allah ya ba ki haƙuri. 'Ya'yanki za su tashi su ji ana faɗin abu biyu a kan ubansu: ko a ce gudun banza ya kai shi, ko a ce shi ya koya wa unguwa abin da take yi har yau. Wanda za su ji, mu ne za mu zaɓa a makon nan.

Ba na neman a soke shawarar dattawa a kan maganata. Lahadi ɗaya nake roƙo kafin a sanar. Bayan sallar asuba, daga ƙofar masallacin nan zuwa bakin kasuwa, taku ɗari uku ne, na ƙirga. Ku zo ku gwada da ƙafarku, da jallabiyarku, da silifas ɗinku. Mai iya sassarfa ya yi, mai tafiya ya taka. Za ku ji ƙirji na bugawa, jiki zai ce muku akwai abin tsoro a baya. Ku waiga. Ku gani da idonku cewa ba kowa. Wanda kuma ba zai iya ko ɗaya ba, aikinsa ya fi namu nauyi: in ya ji mun taho, ya buɗe ƙofarsa ya tsaya a bakinta har mu wuce.

Na gode wa Malam Liman da mai unguwa da suka bar ni na faɗi abin da ba shi aka gayyace ni faɗa ba. Na gode wa iyalan mamaci, da duk wanda ya bar shagonsa ya zo. In na yi wa wani zafi, ya yafe mini.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Uwaisu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka. Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa, ka tsaya wa matarsa, ka raya abin da ya bari. Ka yafe mana sakatar da muka ja. Kuma ya Ubangiji, ranar da ɗayanmu zai zo ƙofarmu a guje, ka ba hannunmu ikon buɗewa.

Amin. Fatiha.