Randar Da Ta Ƙi Sanyi

A tashar Kura, bazarar bayan fari, wani magidanci ɗauke da buhu ya roƙi ruwa wajen tsohuwa mai fura.

"Iya, ruwan nan kamar an ɗora shi a wuta."

"Ba laifin randa ba ne, ɗan nan, iska ce ta jiƙe. Randa kamar mutum take, sai guminta ya bushe take sanyi."

"Rediyo ma ta ce Kano ta daɗe ba ta ga irin zafin bana ba. Ni kanal ɗin ban ruwa bai kai gonata ba, Legas na nufa."

"Bara har tsakiyar damina ruwana sanyi ƙarara. An yi ruwan sama? Wannan gumin kuwa, hadari yake jawowa."

Ya shafa wuyansa, sharkaf. Ya sauke buhun.

"Iya, ƙaro min mai ɗumin."